Amon Bawul: Tarihin Amfilifayar Jita ta Ƙirar Hannu da Gardamar Makaɗa a Kanta

Jitar lantarki, wadda ta mamaye kiɗan Amurka da na Ingila tun daga tsakiyar ƙarni na 20, ba ta da muryar da za ta cika ko da ɗaki guda sai an haɗa ta da wata na'ura, domin galibi gangar jikinta katako ne marar rami, kuma abin da take fitarwa idan an kaɗa ta 'yar wutar lantarki ce mai rauni wadda maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe yake haifarwa. Na'urar da ke karɓar wannan wuta ta ƙarfafa ta har ta girgiza lasifika ita ce amfilifaya, kuma tun da duk abin da kunne zai ji ta cikinta yake biyowa, makaɗa sun daɗe suna ɗaukarta rabin kayan kiɗan, suna kuma gardama a kan amonta, wato launin sautin da ya bambanta wannan na'ura da waccan ko da mutum ɗaya ne ya kaɗa waƙa ɗaya da jita ɗaya. Daga wannan gardama ce wata sana'a ta tsiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ta bunƙasa a shekarun 1990, sana'ar ƙera amfilifaya da hannu, 'yan kaɗan a shekara, a ƙaramin shago ko a garejin gida, wadda masu harkar suke kira ƙirar butik saboda ƙarancin kayan da tsadarsu.

Ginshiƙin sana'ar shi ne bawul, wata 'yar kwalba da aka zuƙe iskar cikinta aka rufe, wadda tsofaffin akwatunan rediyo da talabijin suke aiki da ita, kuma ita ce dalilin da ya sa sai an jira su ɗauki zafi kafin su yi magana. A cikin kwalbar akwai wani ƙarfe da ake zafafawa har ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki, da wani faranti mai ɗauke da wutar da ta kai bolt ɗaruruwa yana janyo su, a tsakaninsu kuma akwai 'yar raga ta siririyar waya wadda ɗan canji a wutar da ke kanta yake sauya yawan abin da ke wucewa ƙwarai. Idan aka ɗora raunanniyar wutar jita a kan ragar, sai a sami kamanninta mai ƙarfi a kan farantin. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa ragar a Amurka a 1906, kuma rediyo da tarho ne suka fara cin moriyarsa.

An fara sayar da jitar lantarki tare da ƙaramar amfilifaya tun a farkon shekarun 1930, amma wanda ya aza harsashin da har yau ake gini a kansa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai iya kaɗa jita ba. Ya kafa kamfaninsa a 1946, ya ɗauko tsarin wayoyin na'urorinsa daga irin zanen da kamfanonin RCA da Western Electric suke bayarwa don koya wa masu sayen bawul yadda za su yi aiki da shi, ya riƙa gyarawa yana sauraron ƙorafin makaɗan da ke zuwa wurinsa. Yawancinsu masu kiɗan kantiri ne da ke wasa a manyan ɗakunan rawa, kuma bukatarsu ita ce sauti mai ƙarfi, garau, da na'urar da za ta jure jijjiga a bayan mota daga gari zuwa gari. Abin da masana'antar ta fitar a shekarun 1950 kayan kasuwa ne, an rufe akwatinsu da yadi mai ratsin rawaya da ruwan ƙasa irin na akwatin tafiya, ma'aikata kuma, da yawansu mata 'yan asalin Meziko, suna liƙa sassan da dalma a kan wani allo mai tauri, wasunsu suna rubuta suna a 'yar takarda su manna a ciki. Mafi shahara a cikinsu ita ce Bassman ta ƙarshen shekarun, mai lasifika huɗu na inci 10 da ƙarfin wat 40 da ɗoriya, wadda aka yi domin jita mai kaurin murya da ake kira bas, amma masu jita ta yau da kullum suka karɓe ta.

Kowane bawul yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma idan aka murɗe mamurɗin ƙara har aka wuce ta sai ya fara yanke kan sautin, muryar ta yi kaushi, ta daɗe tana shawagi kafin ta mutu. A wurin injiniya wannan aibi ne, kuma ƙoƙarin Fender da takwarorinsa shi ne su ture iyakar gaba, amma makaɗan bulus na Memphis da Chicago, waɗanda ƙananan na'urorinsu ba sa rinjayar hayaniyar gidan rawa sai an murɗe su har ƙarshe, sun ga cewa kaushin yana ba jita wani abu na muryar ɗan Adam. Ana ba da labarin cewa sautin jitar Willie Kizart a waƙar "Rocket 88", wadda aka naɗa a situdiyon Sam Phillips a 1951, ya samo asali ne daga amfilifayar da ta lalace a hanya. Link Wray ya huda lasifikarsa da gangan domin "Rumble" ta 1958, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks kuma ya tsaga tasa da reza a 1964. Sa'ad da Eric Clapton ya shiga situdiyo tare da John Mayall a 1966 ya murɗe amfilifayarsa kamar yana kan dandamali, aibin ya riga ya zama abin nema, kuma aikin maƙeri ya koma neman hanyar da lalacewar sauti za ta zo lokacin da makaɗi yake so, da irin kamannin da yake so.

Amfilifayar da Clapton ya murɗe ƙirar Ingila ce, kuma a labarinta akwai darasin da maƙeran butik suka gina sana'arsu a kansa. Jim Marshall malamin koyar da ganga ne mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan, kuma da ya ga samari suna son Bassman amma kuɗin shigo da ita ya fi ƙarfinsu, sai shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi tsarinta kusan waya da waya, suka fitar da JTM45 a 1962. Sai dai sun yi aiki ne da abin da ke samuwa a ƙasarsu, taransifoma daban, lasifikar Celestion mai inci 12 a cikin rufaffen akwati, daga baya kuma manyan bawul na KT66 da EL34 a madadin na Amurka, sai ga muryar ta fito daban, mai kauri, mai saurin yin kaushi. A garin Dartford kuma Tom Jennings da Dick Denney sun fitar da Vox AC30 a 1959, wadda amonta mai ƙararrawa ya bi The Shadows da The Beatles, daga baya Brian May na ƙungiyar Queen. Kafin shekarun 1960 su ƙare an sami muryoyi uku da har yau ake auna kowace sabuwar na'ura da su, ta Fender da ta Marshall da ta Vox, kuma an ga zahiri cewa zane ɗaya a takarda yana ba da amo biyu idan sassan suka bambanta.

Abin da ya buɗe wa ƙananan maƙera ƙofa shi ne juya bayan da manyan kamfanoni suka yi wa tsohuwar hanya. Taransista, ɗan ƙaramin abin da aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a 1947, yana yin aikin bawul ba zafi, ba nauyi, ba fashewa, kuma da araha, don haka masana'antun lantarki suka koma kansa. A watan Janairun 1965 kamfanin watsa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, a shekarar da ta biyo ya fitar da amfilifayoyi na taransista waɗanda makaɗa suka ƙi, sannan daga 1968 injiniyoyinsa suka riƙa taɓa tsarin na bawul domin sauti ya ƙara tsafta, wato suna rage ainihin abin da masu saye suka koyi so. Marshall ya bar liƙa sassa ɗaya bayan ɗaya ya koma ga allon da aka buga hanyoyin wuta a jikinsa a wajajen 1973, RCA ya rufe masana'antarsa ta bawul da ke Harrison a New Jersey a 1976, ta Mullard da ke Blackburn ta bi sahu a farkon shekarun 1980. Magana ta kafu a bakin makaɗa cewa na da ya fi na yanzu, farashin tsofaffin na'urorin da a baya ake tsinta da arha a kantin jingina ya fara hawa, mai gyaran da ya san cikinsu kuma ya zama mutum mai daraja.

Tambayar ko akwai gaskiya a wannan magana ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ta kai har mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, inda Russell Hamm ya buga sakamakon bincikensa a 1973. Ya samu cewa bambancin da ke tsakanin bawul da taransista yana bayyana ne idan an matsa wa na'ura ta wuce iyakarta, domin kowanne yana lalata sauti ta hanyarsa. Bayanin yana rataye a kan abin da za a iya kira 'ya'yan sauti: tsirkiyar da ke girgiza sau 110 a daƙiƙa tana fitar da ƙananan sautuka masu girgiza sau 220, da 330, da 440, har sama, kuma gwargwadon ƙarfin kowannensu ne ke ba sauti launinsa. Na'urar da aka matsa wa tana ƙara nata 'ya'yan, kuma Hamm ya ga cewa bawul mai raga ɗaya yakan ƙarfafa na biyu, wanda kunne ke ji a matsayin cikar murya tun da shi ne sautin asali a hawa na sama, taransista kuwa yakan ƙarfafa na uku, wanda ke toshe ta. Makaɗa da masu talla sun rungumi wannan bayani har ya zama karatun hadda, alhali bai kai inda suke kai shi ba, domin gwajin a kan na'urorin makirufo na situdiyo aka yi shi, kuma a yawancin amfilifayoyin jita manyan bawul na ƙarshe suna aiki bibbiyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, tsarin da a ɗabi'arsa yake soke ɗan sauti na biyu da su kansu suka haifar.

Abin da ya fi wannan nauyi, ya kuma fi wuyar aunawa, shi ne yadda na'urar ke amsa hannu. Bawul ba ya faɗawa cikin kaushi farat ɗaya, a hankali yake shiga, saboda haka makaɗin da ya saita amfilifayarsa a daidai bakin iyaka zai sami sauti garau idan ya taɓa tsirkiya da laushi, ya sami gurnani idan ya doke ta, ba tare da ya kai hannu ga wani mamurɗi ba. A tsofaffin na'urori kuma akwai bawul na daban da ke mayar da wutar bango zuwa irin wadda sauran suke ci, kuma idan aka doki tsirkiya da ƙarfi wutar da yake bayarwa takan ɗan faɗi na ƙiftawar ido sannan ta dawo, sai farkon sautin ya yi laushi, bayansa ya kumbura. Taransifomar ƙarshe da lasifika ma suna da nasu rabon, musamman da yake lasifikar jita tana zubar da yawancin sautukan da suka haura girgiza 5,000 a daƙiƙa, inda mafi munin tsamin kaushi yake. Duk waɗannan suna haɗuwa su ba makaɗi jin cewa na'urar tana biye da shi, kamar yadda kalangu ke sauya murya gwargwadon matsin hammata, kuma mai kaɗawa ya fi mai sauraro sanin wannan nesa ba kusa ba, abin da ya sa su biyun sukan kasa fahimtar juna idan gardamar amo ta tashi.

Galibi ana fara lissafin maƙeran butik ne daga Randall Smith, mai gyara a bayan wani kantin kayan kiɗa a yankin San Francisco. A wajajen 1969 ya ɗauki ƙaramar Fender Princeton ta makaɗi Barry Melton, ya cusa mata tsarin Bassman da babbar lasifika da nufin zolaya, sai ga ɗan akwati yana ruri. Carlos Santana ya gwada ya yaba, kuma daga kalmar yabon aka samo rabin sunan kamfaninsa, Mesa/Boogie. Gudummawarsa ta gaske ta zo ne lokacin da ya jera ƙananan bawul na farko, wannan na zuba wa wancan, kowanne da mamurɗinsa, ta yadda za a sami kaushi mai yawa da sauti mai dogon numfashi ba tare da an kurmantar da ɗaki ba. Kamfanin ya girma har ya fita daga sahun ƙananan maƙera, kamfanin Gibson kuma ya saye shi a 2021.

Wanda ya lulluɓe sana'ar da almara shi ne Howard Alexander Dumble, mutumin Bakersfield da ya yi aiki a Santa Cruz sannan ya koma Los Angeles, wanda a tsawon rayuwarsa ya ƙera amfilifaya kimanin 300 kacal, duk da hannunsa. Ba ya sayar wa mutum sai ya yarda da kiɗansa, yakan saurare shi yana kaɗawa sannan ya daidaita sassan na'urar da hannunsa da jitarsa, mai oda yakan biya kuɗi ya yi dogon jira, kuma da ya ga ana kwaikwayonsa sai ya riƙa zuba wani danƙo mai daskarewa a kan sassan domin kada a karanta ƙimarsu. Larry Carlton da Robben Ford sun yi suna da ƙirarsa mai suna Overdrive Special, wadda masoyanta suke cewa kaushinta santsi gare shi kuma kowane sauti yana fita a rarrabe ko da an haɗa tsirkiyoyi da yawa. Stevie Ray Vaughan ya yi aiki da wata ƙirarsa a situdiyon Jackson Browne a 1982, lokacin naɗar faifansa na farko, daga baya ya mallaki Steel String Singer, wadda aka yi ta domin ta yi ƙara ƙwarai ba tare da muryarta ta karye ba. Akwai abin da masu sayen tsofaffin Dumble a kan dala dubu ɗari ko fiye ba su cika son ji ba, wato idan har gaskiya ne kowace an daidaita ta da hannun mutum guda, to wanda ya saya daga baya ya sayi abin da aka auna da waninsa, kuma shaidar da ake yawan bayarwa a kanta ita ce ba ta rufa wa mai rauni asiri, fili take fito da kuskurensa.

A ɗaya gefen ƙasar, a garin Colonia na New Jersey, Ken Fischer, tsohon ma'aikacin kamfanin Ampeg, ya bi hanyar da ta saɓa wa wannan. Amfilifayoyinsa na Trainwreck, waɗanda ya fara ƙerawa a gidansa a farkon shekarun 1980, sassansu kaɗan ne, mamurɗansu kaɗan, akwatinsu katako ne mai kyau da ba a rufe da komai ba, kuma a madadin lambar masana'anta kowace sunan mace ya ba ta. An yi su ne domin makaɗi ya sarrafa kaushi daga mamurɗin da ke jikin jitarsa da nauyin yatsunsa, bisa fahimtar cewa duk abin da aka ƙara a kan hanyar sauti yana cin wani abu daga cikinsa. Rashin lafiya ya rage masa aiki, ya rasu a 2006 ya bar kimanin ɗari, amma ya kasance mai sakin ilimi ga ƙananan maƙera, kuma tasirinsa ta wannan hanya ya zarce adadin abin da ya ƙera.

Ambaliyar ta zo ne daga ƙarshen shekarun 1980. Mike Soldano ya fito da SLO-100 a 1987, Clapton da Mark Knopfler suka ɗauka. Reinhold Bogner ya taso daga Jamus zuwa Los Angeles a 1989, shekarar da Mark Sampson da Rick Perrotta suka kafa Matchless da niyyar yin irin AC30 wadda za ta jure wahalar tafiya. Gerald Weber a Texas da Mark Baier a Illinois suka koma ga Fender na shekarun 1950 suna kwaikwayonsu har yadin jikin akwati. Yaran da suka tashi da kiɗan shekarun 1960 sun zama magidanta masu abin hannu, tsofaffin na'urorin sun yi tsada sun kuma gaji, na'urorin sauti na dandamali sun inganta har makaɗi ba ya bukatar wat 100 tun da ana iya kafa makirufo a gaban mai wat 15 ko 30 a murɗe ta yadda ake so. Manyan kamfanoni sun lura, Fender ma ya sake fitar da Bassman ta 1959 a 1990. Abin mamakin da ke cikin lamarin shi ne cewa na'urorin da ake kwaikwaya da zaɓaɓɓun sassa da farashin dala dubbai, a zamaninsu an harhaɗa su ne a layin masana'anta, da sassan da aka saya bisa la'akari da sauƙin kuɗi, domin makaɗin da ke neman abincinsa.

Harshen da makaɗa suke bayyana ra'ayinsu da shi kusan duk aro ne daga gani da taɓawa da ɗanɗano, sukan ce amo yana da ɗumi, ko santsi, ko yashi, ko ƙyalli, Eddie Van Halen ma ruwan ƙasa ya kira nasa, sautin da ya samu ta hanyar rage wa Marshall ɗinsa wutar bango zuwa wajen bolt 90. Sukan raba duniya gida biyu, muryar Amurka da ake dangantawa da bawul ɗin 6L6 da 6V6, mai haske a sama da zurfi a ƙasa, da muryar Ingila ta EL34 da EL84, mai cika a tsakiya, ko da yake masu gyara sun san cewa kaso mai yawa na wannan bambanci daga lasifika da tsarin mamurɗan daidaita sauti yake fitowa. Gardama mafi zafi ita ce ta liƙa sassa da hannu. Masu goyon bayanta suna cewa sautin ya fi buɗewa, injiniyoyi suna amsa cewa wuta ba ta san hannun da ya liƙa ta ba, abin da ke tasiri shi ne jeren sassa da nisan da ke tsakanin wayoyi, kuma Mesa/Boogie da Soldano da Bogner, waɗanda babu mai raina amonsu, duk da bugaggen allo suke aiki. Fa'idar da ba a musunta wa ƙirar hannu ba ita ce sauƙin gyara da tsawon rai, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke yawo da na'urarsa, amma wannan hujjar mai gyara ce.

Haka kuma batun tsofaffin bawul da aka ƙera a masana'antun Mullard da Telefunken da RCA aka ajiye ba a taɓa kunnawa ba, waɗanda ake saya da ninkin ba ninkin kuɗin sababbi. Cewa sun fi ƙarko da yawa daga cikin na yanzu abu ne da masu gyara suka yarda da shi, amma siffofin da ake ba amon kowannensu sun zarce abin da awo ke nunawa. Shi kansa amon da ake bege ba abu guda ba ne, domin sassan da Fender ya yi aiki da su ana yarda su kauce wa ƙimarsu da kashi 10 ko 20 cikin ɗari tun suna sababbi, shekaru kuma sun ƙara kauda su, har ma wutar bangon Amurka ta ƙaru a kan ta wancan zamani, saboda haka Bassman biyu na shekara ɗaya ba sa magana da murya ɗaya. Kunne ma ba alƙali ne mai adalci ba: tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa yadda yake jin sautukan ƙasa da na sama yana sauyawa da ƙarfin sauti, don haka na'urar da ta ɗan fi 'yar uwarta ƙara takan yi kama da ta fi ta daɗi, wanda ya jira shekara biyu ya biya kuɗi masu yawa kuwa da wuya ya saurari kayansa da kunnen baƙo.

Akwai kuma makaɗan da tarihinsu ya zama hujja a hannun masu cewa amo a yatsu yake. B.B. King ya daɗe yana aiki da Lab Series L5, amfilifayar taransista, Roland JC-120 da ta fito daga Japan a 1975 ta zama ma'aunin sauti mai tsafta ba tare da bawul ko ɗaya ba, Dimebag Darrell kuma ya gina kaushinsa a kan amfilifayoyin taransista na kamfanin Randall. Makaɗan jita na Agadas a Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun samo salonsu a wuraren biki da duk na'urar da hannu ya kai gare ta, kuma bai hana duniya gane su daga sautin farko ba. Masu kare butik ba su cika musun wannan ba, sukan ce dai na'ura mai kyau tana barin abin da ke cikin yatsu ya fito ba tare da an yi kokawa da ita ba.

Ƙalubale mafi girma ya zo daga kwamfuta. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, ɗan akwatin da ke kwaikwayon muryoyin tsofaffin amfilifayoyi da lissafi, Fractal ya biyo da Axe-Fx a 2006, sannan a 2011 Christoph Kemper na Jamus ya fito da na'urar da ke aika wa amfilifaya wasu sautukan gwaji, ta saurari amsarta ta makirufo, ta adana kamanninta. Danƙon da Dumble ya zuba ba ya kare komai daga wannan, tun da na'urar ba ta bukatar ganin ciki. A cikin waƙar da aka naɗa aka haɗa da ganga da bas da murya, bambance kwafi da asali ya zama abu mai wuya har ga ƙwararru, manyan ƙungiyoyi irin su Metallica kuma sun koma hawa dandamali da irin waɗannan na'urori saboda sauƙin ɗauka da rashin sauyin sauti daga dare zuwa dare. Hujjar masu bawul ta ja baya daga abin da ake ji a kunne zuwa abin da ake ji a jika, wato yadda tsirkiya ke amsawa a ƙarƙashin yatsa sa'ad da mutum yake tsaye gaban lasifikar da ke tura iska, kuma a nan ne ta fi ƙarfi tun asali.

Raunin sana'ar na zahiri yana wani wuri daban, domin bayan rufe masana'antun Amurka da na yammacin Turai kusan duk bawul ɗin da ake sa wa amfilifayar jita ya koma fitowa daga wurare uku: masana'antar Saratov a Rasha, wadda ke hannun Mike Matthews mai kamfanin Electro-Harmonix, da JJ Electronic a Sulobakiya, da Shuguang a birnin Changsha na ƙasar Sin. Shuguang ta dakatar da aiki a 2019, kuma a watan Maris na 2022, wata biyu bayan rasuwar Dumble, Rasha ta sanya bawul cikin kayan da ta hana fitarwa sakamakon takunkuman da suka biyo bayan yaƙin Yukiren, sai masu saye suka yi rububi, shaguna suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ɗauka, farashi ya yi tsalle. An sassauta hanin daga baya, kuma a cikin shekarar 2022 ɗin kamfanin Western Electric, wanda ke ƙera bawul ɗin 300B na masu sauraron faifai a Rossville ta jihar Georgia, ya sanar da niyyarsa ta fara yin irin waɗanda makaɗan jita suke bukata.